Abin Da Na Cusa A Cikin Kwamfutar Abba

Ku yi haƙuri da shirun da na yi sati biyu. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta rubuto cewa in aure na yi ban gayyace ta ba, ba ta yafe ba. 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, babu auren da aka ɗaura. Kunya ce ta hana ni rubutu, don a wannan karon ba Yaya ne ya yi min ɓarna ba, ba kuma Umma ba. Ni ce na yi wa kaina, da hannuna da sukudireba.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: shekarata ashirin da takwas, ni ce auta a gidanmu, kuma ni ce mai buga takardu a ofishin Abba. Abba ya yi shekara talatin yana magatakarda a kotu. Da ya yi ritaya sai ya kama ɗaki biyu a saman wani shagon fenti, yana rubuta wa mutane wasiƙu da takardun yarjejeniya da na neman aiki. Shi zai tsara magana da biro, ni in buga, in fitar a firinta. Wanda nake so kuwa mai haɗa kwamfuta ne da gyaranta, a gyaran firintarmu ma muka haɗu. Kowa Injiniya yake ce masa, ban da Yaya da ke kiransa “mai ƙusoshi”.

Yaya yana da nasa ɗan takarar, wani abokinsa mai farar mota da turaren da ke riga shi shiga falo. Umma kuma ta gaji da zuwa sunan 'ya'yan ƙawayena. Rannan ta zaunar da ni a bakin gadonta ta ce, “Auta, na bi ki yadda kike so. Amma in Abbanku bai amince da yaron nan ba, za ki saurari abokin Yayanki. Ki yi min alkawari.” Na yi mata, don a lokacin gani nake babu ta yadda za a yi Abba ya ƙi Injiniya.

Abba ba ya tambayar saurayi albashinsa ko yawan digirinsa. Aike yake ba shi. Mijin babbar yayata taya biyu aka aike shi ya sayo. Wani da ya taɓa nemana, fankar silin aka ce ya kawo, sai ya ƙara kuɗinsa ya shigo da ƙatuwar fanka mai rimot yana murmushi. Abba ya yi masa godiya, washegari ya sa aka mayar masa da kayarsa, maganar ta mutu a nan. Ni na fi kowa dariya a lokacin. Ku riƙe wannan, don ku san ba rashin sani ne ya kai ni ba.

Ranar Litinin tsohuwar kwamfutarmu ta mutu. Ina tsakiyar buga yarjejeniyar haya, mai gidan da ɗan hayar suna zaune suna hararar juna, sai na ji tas, sai warin ƙonewa. Injiniya ya zo ya buɗe ta, ya shinshina, ya girgiza kai. Abba yana tsaye a ƙofar ɗakinsa yana kallonsa ta saman tabarau. Da na ga ya juya ya buɗe durowa, na san aike ya zo.

“Malam Injiniya.”

“Na'am, Abba.” Ya durƙusa.

“Ga wannan.” Ya miƙa masa ambulan. “Ba na son ta kwali da ake sayarwa a kanti. Ka sayo kayan ɗaya bayan ɗaya ka haɗa min wadda za ta yi aikin ofis ɗin nan. Kowane abu ka rubuto min sunansa da dalilin da ya sa ka zaɓe shi. Asabar da ƙarfe goma zan kunna.”

Ambulan ɗin ba ta da kauri, ni na san abin da ke ciki. Da Yaya ya ji adadin sai da ya ƙware da shayi, ya ce ko waya mai kyau kuɗin ba za su saya ba.

Kwana uku ina tashi daga aiki sai in biya shagon Injiniya. Ɗan ɗaki ne mai tebur ɗaya dogo, da fitila mai lanƙwasa wuya, da gwangwanayen madara cike da ƙusoshi, kowanne da rubutu a jikinsa. Ni a kan kujerar roba, jakata a cinya, shi yana rubutu yana gogewa.

“Faɗa min abin da kike yi da ita daga safe zuwa yamma,” ya ce.

“Buga takardu. Wani lokaci in buɗe intanet in cike wa mutane fom. Sai firinta.”

“Shafi nawa kike buɗewa lokaci guda?”

“Biyar, shida. In Abba ba ya nan, da na kallon ɗinki bakwai.”

Ya yi dariya ya rubuta. Ya ce furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, matsakaiciya ta ishe mu, amma zai ɗauki mai ɗauke da ɓangaren hoto a cikinta, don kada a kashe kuɗi a katin hoto daban. Ram, wato mai riƙe abin da aka buɗe ana aiki a kai, gig takwas zai sa, zai bar rami ɗaya a buɗe ko nan gaba a ƙara. Wajen ajiya kuma ba zai sa tsohon faifai mai juyawa ba, SSD zai sa ko da ƙarama ce, don ita ce za ta hana ni zaman jiran kwamfuta ta farka kowace safiya.

“To monita fa?”

“Taku lafiyarta ƙalau. Kibod da linzami ma haka. Shi ya sa na sha yawo kafin in sami babban allo, wanda ake jona duk kayan a jikinsa, mai ramin wayar monitarku, sababbin sun fara daina zuwa da shi.”

Abu ɗaya ne ya ƙi yi wa rowa, ɗan akwatin da ke raba wa sauran kayan wuta. Ya ce mai arha ne ya ƙone mana waccan, ba zai maimaita ba. Kuɗin da ya tafi can sai ya rage a kes, wato akwatin da ake haɗa kayan duka a ciki, ya ɗauko wani baƙi, ƙarfe ne kawai, babu gilashi babu fitila. Na juya shi na sake juyawa ina neman inda kyansa yake, ban samu ba.

Ranar Laraba a gabana ya haɗa. Ya nuna min yadda ake riƙe kaya ta gefe, yadda ake danna ram har a ji ƙas. Har ya bar ni na danna da kaina. Na ji daɗi ƙwarai a ranar, na koma gida ina jin kaina rabin injiniya.

Da yamma bayan an ci abinci Abba ya zauna a kujerarsa ta falo, ya ɗauko takardar da Injiniya ya aiko da jan bironsa. Abu shida ne, kowanne da layi biyu na bayani. Yaya ya leƙo ta bayan kujera. Shi Yaya wasan ƙwallo yake bugawa a laftof, don haka a gidanmu shi ne masanin kwamfuta.

“Ina katin hoto?”

Yaya ya sake bin takardar da ido har ƙasa.

“Abba, wallahi babu katin hoto a nan. Kwamfuta a wannan zamanin? Ai wannan akwatin ƙarfe kawai zai kawo muku. Ko dai bai san aikin ba, ko kuma ya san inda sauran kuɗin za su kwana.”

“Yaya, ya ce aikinmu ba ya buƙata,” na ce.

“Ya ce! Komai ya ce. Ke in ya ce miki ƙusa zinariya ce, a wuya za ki rataya.”

Abba bai ɗago ba. Ya karanta har ƙasa, bai ja layi a ko'ina ba, bai kuma gyaɗa kai ba. Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihun gaba. “Asabar na nan zuwa,” ya ce, ya tashi.

A kicin ina wanke kofuna Umma ta matso kusa da ni ta rage murya. “Auta, abin nan da Yayanki ke faɗa, da gaske babu shi? Kar yaron nan ya ba mu kunya fa. Abbanku bai ce komai a kan takardar ba, kin kuwa san shirunsa.”

Na goge hannu a jikin zanena na ɗauki waya na rubuta saƙo.

“Injiniya, ba za a iya ƙara katin hoto ba? Ko ƙarami?”

“Wasiƙa za ki buga ko wasa?” Ya haɗa da fuskar dariya.

“Yaya ne ke ta magana.”

“Ki gaishe shi. Ba a buƙata, Auta. In da ana buƙata da na rage wani abu na sa.”

Na tura masa “To”, da alamar zuciya. Amma zuciyar tawa ba ta ce to ba. Ina ta hango baƙin akwatin nan a ƙarƙashin teburina, Yaya na dariya, Abba na shiru, farar mota na fakin a ƙofar gidanmu. Tsoro ne ya kama ni, tsoro na gaske, kuma ban faɗa wa kowa ba.

Juma'a da safe Injiniya ya kawo ta. Ya ce kwana guda ta yi a kunne a shagonsa da monitarmu, ko tari ba ta yi ba. Ya durƙusa ya tura ta ƙarƙashin tebur, bayanta na kallon bango, ya jona kowace waya ya ɗaure su da ɗan roba. Bai kunna ba, don na riga na faɗa masa dokar gidanmu: sabon abu in ya shigo, ko dutsen guga ne, babu mai kunnawa sai Abba ya yi bismilla ya danna da yatsansa. Ya miƙa wa Abba ambulan da ɗan abin da ya rage da rasitai a ciki, ya tafi. Da rana Abba ma ya fita, ya ce ba zai dawo ba.

Na zauna ni kaɗai ina kallon akwatin. Na yi minti goma ina ce wa kaina ki tashi ki tafi gida. Sai na ga na yafa mayafi, na kulle ofis, na tari mota zuwa layin masu sayar da kayan waya da kwamfuta.

Shago na uku na samu. Mai shagon ya zaro wani kati daga leda mai ƙyalli, ja da baƙi, da 'yar fanka a tsakiya. Ya hure masa ƙura.

“Hajiya, na hannu ne amma kamar sabo. Wannan ko fim za ki haɗa ba zai yi gumi ba.”

“Zai shiga kowace kwamfuta?”

“Rami ɗaya ne dogo, ki danna kawai.”

Ban ko yi ciniki ba. Kuɗin da nake tarawa don sabuwar waya na juye masa, na cusa katin cikin jaka ina waige-waige.

A ofis na kulle ƙofa ta ciki, na cire mayafi da awarwaro. Kafin in zare wayoyin sai da na ɗauki hoton bayan kwamfutar, don in mayar da kowace inda take. Har ina yaba wa kaina da wannan dabarar. Na kwance ƙusa biyu da sukudireban da ke durowar Abba, na zame murfin. Ciki tsaf, wayoyi a jere, kamar ɗakin da aka gama shara. Na ga dogon ramin, na ɓalle ɗan ƙarfen da ke bayansa, na riƙe katin ta gefe yadda aka koya min, na danna. Ƙas. Na rufe, na mayar da wayoyin bisa hoton, na tura ta ƙarƙashin tebur.

Za ku ce me ya hana ni gwadawa. Yatsana har ya kai kan maɓallin, na janye. Na iya buɗe cikinta in cusa abin da ba a sa ni ba, amma danna maɓalli kafin Abba ya fi ƙarfina. Haka tarbiyyar gidanmu take, a inda ba ta da amfani ta fi kama ni.

Abin da na tsara a raina shi ne, in Abba ya buɗe yana dubawa, Yaya zai ga katin ya yi shiru, a ce Injiniya ya yi dabara ya samo a cikin kuɗin. Yadda za a yi da takardar da ke aljihun Abba kuwa, wallahi ko sau ɗaya bai zo min ba. Asabar da safe na rubuta wa Injiniya, “Akwai abin da na yi, kar ka yi fushi.” Na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa. Daga ƙarshe na tura masa, “Allah ya ba da sa'a.”

“Amin. Ki sa rigar nan ruwan toka, tana miki kyau.”

Na sa doguwar rigar ruwan toka mai aiki a wuya, da farin mayafi, kwalli kaɗan. Umma ta ce za ta bi mu, ta cika fulas da shayi, ta sa leshin da take zuwa biki da shi. Yaya ya zo yana kaɗa makullin mota a yatsa. Injiniya ya riga mu isa, yana tsaye a bakin matakala cikin farar riga da ta sha guga, jakar kayan aikinsa a kafaɗa. Ya durƙusa ya gaida Umma, ya miƙa wa Yaya hannu biyu, Yaya ya ba shi yatsu.

Goma daidai Abba ya ja kujerata ya zauna. Ya gyara tabarau, ya yi bismilla, ya sunkuya ya danna.

Fanka ta fara juyawa a hankali. Ɗan koren haske ya kama a gaban kes. Dukkanmu muka zuba wa monita ido. Baƙa ƙirin. Wani ɗan rubutu ya fito yana yawo daga kusurwa zuwa kusurwa, sannan shi ma ya ɓace.

“Tana ɗan ɗaukar lokaci ne?” in ji Umma.

“A'a, Umma,” Injiniya ya ce. “Ba ta ɗauka.”

Yaya ya yi wani tari wanda ba tari ba ne. Injiniya ya nemi izini, ya kashe, ya sake kunnawa. Haka dai. Ya duba wayar bayan monita, ya matse ta. Sannan ya durƙusa ya jawo kwamfutar waje ya juyo bayanta.

Ina kallon bayan wuyansa lokacin da ya tsaya cak. Bai daɗe ba, amma na gani. Ya buɗe jaka ya ɗauko sukudireba, ya kwance ƙusoshin da na ɗaure jiya, ya zame murfin. Jan katin yana zaune a tsakiya, fankarsa sai sheƙi.

“A'a!” Yaya ya tafa hannu. “Ashe dai ka ji maganata, mai ƙusoshi. Ga katin hoto nan, Abba. Na faɗa muku sai da shi.”

“Shi ne ya hana ta nunawa,” Injiniya ya ce, ba tare da ya ɗago ba. “In aka sa kati, hoton ta wajensa yake fita. Wayar monitar kuma tana jone a babban allo, inda na bar ta. Shi katin ma ba shi da ramin da wayar monitar nan za ta shiga.”

Abba ya sa hannu a aljihu ya zaro takardar, ya warware ta a kan tebur, ya cire murfin jan biro.

“Nuna min na ɗaya.”

Injiniya ya nuna. Abba ya ja ɗan layi. Na biyu, na uku, har na shida, kowanne sai ya sunkuya ya gani da idonsa.

“Shida na gani a rubuce. Wannan na bakwai fa?”

“Ba ni na saya ba, Abba.”

“Wa ya sa shi?”

“Ban ga lokacin da aka sa ba.”

“Makullin ofis ɗin nan biyu ne. Ɗaya a hannuna, ɗaya a hannun Auta. Kana nufin ni ne, ko 'yata?”

“Ban ce ba, Abba.”

“Ai ga ta nan a fili,” Yaya ya samu bakin magana. “Ya ji an yi masa dariya, ya ciro tsohon kaya daga kwamfutar wani kwastoma ya cusa, ya manta bai gwada ba. Yanzu ta kwaɓe yana neman wanda zai shafa wa.”

Na jira Injiniya ya kalle ni. Da ya kalle ni ko sau ɗaya da na samu ƙarfin magana, ko kuma in samu dalilin jin haushinsa. Bai kalle ni ba. Yana durƙushe, sukudireba a hannu, idonsa a kan tayil.

Abba ya jingina da kujera. Muryar da ya yi magana da ita ta kotu ce, wadda ba ta hawa ba ta sauka.

“Malam Injiniya, abu biyu ne. Ko kai ka sa ka ɓoye min, ko wani nawa ya sa kana rufa masa asiri. In na farko ne, ka faɗa, mu rabu lafiya. In na biyu ne, ka kira suna. Ba zan tambaya sau uku ba.”

“Abba, ba zan ce na sa ba, don ban sa ba. Ba kuma zan kira sunan kowa a kan abin da ban gani ba.”

“To.” Abba ya ɗauki murfin biron.

Umma ta juyo ta kalle ni, kallon nan na tuna alkawari. Na san in murfin nan ya rufe, an gama. Ban san lokacin da na zube a gaban teburin ba.

“Ni ce, Abba.”

Na sunkuyar da kai na ci gaba.

“Ni na saya jiya da kuɗina. Ni na buɗe na sa. Bai sani ba, wallahi bai sani ba. Na tambaye shi ya ce ba a buƙata, ni ce ban ji ba.”

“Innalillahi,” in ji Umma, ta dafe ƙirji. “Auta! Ke da sukudireba?”

“Me ya sa?” Abba ya tambaya.

Hawaye suna zuba a kan aikin wuyan rigata. “Na ji tsoro ne. Na ga kamar ba ta kai ba. Na ga kamar za a raina shi.”

Abba ya zuba min ido. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, ko ranar da na faɗi jarrabawa. Sannan ya juya ya ce, “Cire shi.”

Injiniya ya danna wani ɗan maƙalli, ya zare katin ya ajiye a gefen tebur. Ya rufe kes, ya jona wayoyi. Abba ya sake bismilla ya danna. Kafin Umma ta gama gyara ɗaurin ɗankwalinta, monita ta haska, komai ya fito tar. Abba ya sa ni na tashi da jiƙaƙƙiyar fuskata na buga yarjejeniyar hayar da ta maƙale tun Litinin, na buɗe shafuka shida na intanet, na tura firinta. Takarda ta fito da ɗuminta. Ya karanta daga sama har ƙasa, ya ajiye.

“Aiki ya yi,” ya ce. Ya kalli Yaya, Yaya ya kalli silin. “Malam Injiniya, na aike ka ka dawo da abin da na aike ka. Na matsa maka, ba ka yi min ƙarya ba, ba ka kuma tozarta kowa ba. Ka faɗa wa manyanka ina jiransu.”

Umma ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya ta fara buɗe fulas. Ni kuma daɗi da kuka suka haɗu min, na rasa wanda zan fara. Na juya in kalli Injiniya.

Yana mayar da kayan aikinsa cikin jaka ɗaya bayan ɗaya. Ya ja zif, ya gyara durƙuso.

“Na gode, Abba. Allah ya ƙara girma. Amma ina roƙon a ɗan ba ni lokaci kafin in yi musu magana.”

Fulas ɗin ya tsaya a hannun Umma. Abba ya cire tabarau ya kalle shi ya ce, “Lokaci naka ne.”

Ya yi sallama ya fita. Ban nemi izinin kowa ba, na bi shi, mayafina na jan ƙasa. A tsakiyar matakala na cim masa, inda warin fenti ya fi ƙarfi.

“Injiniya, don Allah. Don kai na yi.”

Ya tsaya, ya juyo. A ranar sai a lokacin ya kalle ni sosai. Babu fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da na fi samun sauƙi.

“Yayanki bai san ni ba, Auta, don haka duk abin da ya faɗa bai dame ni ba. Abba kuma gwada ni yake, haƙƙinsa ne. Amma ke kwana uku kina zaune kusa da ni ina miki bayanin kowane abu, kina gyaɗa kai.”

“Na yi kuskure, na sani...”

“Kuskuren ba komai ba ne, minti ɗaya na cire shi.” Ya gyara jakar a kafaɗarsa. “Ni abin da hannuna zai iya kenan. Gidan da zan kama miki ma haka zai kasance, babu gilashi babu fitila, iya abin da ake buƙata. Ina so in sani ko duk ranar da aka yi min dariya, za ki jira in juya baya ki ƙara wani abu.”

Na buɗe baki in rantse masa. Wallahi na buɗe. Sai na ji ban san amsar ba, shi ma ya ga ban sani ba. Ya gyaɗa kai a hankali ya sauka.

Yau kwana goma sha huɗu. A kan kwamfutar da ya haɗa nake buga muku wannan, ko sau ɗaya ba ta tsaya min ba. Kullum da safe yana turo min “Ina kwana”, ina amsawa, daga nan babu ƙari. Ɗazu Umma ta leƙo ɗakina ta ce Abba yana tambaya ko manyan sun sa rana, me za ta ce masa. Na ce ta ce masa ba Injiniya ake jira ba, ni ake jira, kuma har yanzu ban samo amsar da ba ƙarya ba ce.